Aure Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Inda Haƙƙi Ya Tsaya

Shanyewar ɓarin jiki lalura ce da ke aukuwa idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda toshewar jijiya, wadda ita ta fi yawa, ko saboda fashewarta, kuma hawan jini ne babban abin da ke jawo ta. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa daman jiki, kuma a can cibiyar magana take ga akasarin mutane, magidanci na iya rasa hannun dama da harshe a dare ɗaya, ya wayi gari yana kai lomar tuwo baki da hagu, matarsa na riƙe masa buta, Fatihar da ya yi shekaru yana jan iyalinsa salla da ita tana sarƙe masa. Ibadarsa tana da mafita, domin hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya sauƙaƙe wa mara lafiya yin salla a zaune ko a kishingiɗe. Tambaya mafi nauyi ita ce abin da ke riƙe aure idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya kasa ba da abin da aka saba samu daga gare shi.

Fiƙihu ya amsa wani ɓangare. Risalar Ibn Abi Zaid ta ambaci hauka da kuturta da albaras da ciwon al'aura a matsayin aibobin da ke ba da damar warware aure, kuma shanyewar jiki ba ta cikinsu. A mazhabar Malikiyya, idan miji ya gaza nafaƙa, wato ci da sutura da muhalli, mace na iya kai ƙara, alƙali ya ɗiba masa lokaci, sannan ya raba su in ta nema. Haka nan mafi yawan malaman dauri ba su sa kuɗin maganin mace cikin nafaƙa ba, abin da Wahbatu Zuhaili, wanda ya rasu a 2015, ya danganta da yanayin zamaninsu, yana ganin magani a yau ya zama larura kamar abinci, kuma wannan ra'ayi ya fi dacewa da umarnin kyautata zama da ke aya ta 19 a Suratun Nisa'i. Sai dai waɗannan hukunce-hukunce mafi ƙarancin abin da za a iya tilastawa suka fayyace, kuma babu alƙalin da zai iya hukunta wa mace ta tashi tsakar dare ta juya mijinta don kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Aya ta 21 a Suratur Rum ta haɗa mawadda, wato soyayya, da rahama, wadda ita ce tausayin da ba ya jiran sakayya, kuma wannan ta biyu ce jinya ke ci. Lalurar takan taɓa hali: kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka rayu bayanta suna kamuwa da ciwon damuwa, wasu kan fashe da kuka ko dariya ba dalili, mai sanyin hali ya koma mafaɗaci. Gidan da bai san raunin ƙwaƙwalwa ne ke jawo haka ba yakan fassara shi da butulci, ko sammu, har a ɗora wa kishiya laifin da ba nata ba, a kuma ɓata watanni uku zuwa shida na farko, waɗanda a cikinsu gashin ƙashi da koyon magana suka fi tasiri.

Da yake tsakanin miji da mata ne kaɗai babu shamakin al'aura, wanka da tsarki kansu suke faɗawa, amma nauyin ba ya rabuwa daidai. Idan namiji ne ya kwanta, matarsa ce ke jinya, tana kuma neman na cefane; idan mace ce, sau da yawa gidan iyayenta ake mayar da ita, ba da jimawa ba a ji maganar sabon aure. Halascin ƙarin aure bai ɗauke wa miji alhakin wadda ke kwance ba, kuma mazan da ke zama su yi wa matansu alwala da hannunsu sun fi kusa da manufar ayar Suratur Rum.

Jama'a ma suna da nasu kaso. 'Yan dubiya kan cika gida a makonnin farko da "ya mai jiki?" da "a yi haƙuri", daga nan ƙafa ta ɗauke, a bar mai jinya da rashin barci da ciwon baya. Malamai sun sanya kula da mara lafiyar da ya rasa mataimaki cikin farilla ta kifaya, wadda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi, saboda haka wajibi ne dangin ɓangarorin biyu su raba kwanakin jinya, su ɗauki kuɗin maganin hawan jini da na zuwa asibiti, ƙannen miji su karɓi ɗaga shi da zaunar da shi, a kuma riƙa shigar da majinyacin cikin shawarar gidansa ko da da ishara zai amsa.