Wane Ne Ke Haifar da Wutar?

Littafin da muke bita don jarrabawar lasisin rediyo ya kawo hanyoyi shida na samun ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya: gogayya, matsi, zafi, haske, sinadari da maganaɗisu. Dukansu ina ganinsu a nan Gomari, cikin Maiduguri. Da hunturu, in ka yaye bargo cikin duhu sai ka ji ƙas-ƙas, tartsatsi na tashi. Gogayya ke nan. Laitar kunna gas ɗan dutse ne a cikinta, a buge shi ya ba da wuta, abin da Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a 1880. Ƙarfe biyu mabambanta in an haɗa bakinsu aka gasa, mita za ta motsa. Sola tana kan rufi, batir na ƙarƙashin teburina, janareta kuwa waya ce da maganaɗisu, ɗaya na juyawa kusa da ɗaya, kamar yadda Faraday ya nuna a 1831.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk cikin shidan nan babu inda ɗan Adam ya halicci komai. Juya abu kawai yake yi: hasken rana ya koma lantarki, fetur ya koma motsi. To, wa ke haifar da wutar?

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tafi a kan cewa wuta ba ta ƙona auduga da ikon kanta. Allah ne ke halittar ƙunar a lokacin haɗuwarsu, bisa al'adar da Ya gudanar. Ibn Rushd ya mayar masa da cewa musun sababi rushe ilimi ne. Ni dai zuciyata tana wajen Gazali, amma duk lafiyayyen batirin mota da na cika da caji na ɗora wa mita, bolt 12.6 nake gani ko kusa da haka. Al'adar da ba ta saɓawa ita ma aya ce, kuma saninta ladabi ne ga Mai ita.

Mun ga amfanin sanin sababi a garin nan. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka karya turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki suka sake tarwatsawa. Maiduguri ta yi watanni cikin duhu. Ƙaddara ce, babu ja. Sai dai masu walda da masu ƙanƙara sun jigata, unguwar da ke da rijiyar burtsatse mai sola kuwa ta ci gaba da shan ruwa. A Maris ɗin 2023 aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a cikin garin.

Allah Ya buɗe ƙofa shida, muka rataya rayuwar babban birni a kan waya ɗaya. Wannan sakaci ne, ba tawakkali ba. Shi ya sa duk yaron da aka kawo mini koyon gyara, sai ya iya shidan nan kafin in miƙa masa ƙarfen liƙe waya.