Kunya Biyu a Gefen Gona

A ƙasar Dambatta da Makoɗa, inda gona ke jingine da gona, manomi ba ya zuba sabon iri a gandu gaba ɗaya. Idan aka ba shi irin wake daga gonar gwaji ta cibiyar binciken noma ta IITA da ke Minjibir, sai ya ware kunya biyu a gefe, dab da tsohon irinsa. Taki ɗaya, ruwa ɗaya. Kullum da sassafe yana can tsugune, yana juya ganye yana duba tsutsa. Sai kaka ta yi ya yanke hukunci.

Wannan na tuna da na ji yadda masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka gwada maganin Paxlovid a kan masu fama da ragowar korona, wato gajiya da haki da mantuwa da ke bin mutum watanni bayan zazzaɓin ya tafi. Mutum 100 aka ɗauka, kowa yana gidansa. An aika wa rabinsu maganin, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda ba ainihin maganin a ciki, suka sha kwana 15 suna ba da bayani ta waya da intanet. Da aka auna, ba a ga wani bambanci ba, kuma aka fito aka faɗa. Kunya biyun manomi ke nan.

Dabarar ta burge ni, domin na san masu irin wannan ciwo. Akwai wata gwaggona da tun rashin lafiyar da ta ratsa Kano a 2020 ba ta ƙara daka ba. Luguden taɓarya biyar sai ta zauna a bakin turmi tana mayar da numfashi. Ana cewa tsufa ne. Wadda tsakar gida ke gajiyar da ita, yaya za ta yi da zaryar asibitin Malam Aminu Kano? Gwajin da zai iske ta a ɗaki alheri ne.

Sai dai wayar gidan tana aljihun maigida, rabin yini kuma tana wurin mai caji. Wa zai karanta mata sharuɗɗan? Wa zai duba idonta idan maganin ya juya mata?

Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 masu sanƙarau a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75.

Don haka duk mai niyyar kawo mana gwaji ta waya, ya fara da ma'aikaciyar lafiya 'yar garin, wadda za ta yi sallama ta shiga har ɗaki, ta yi wa mara lafiya bayani da Hausa, ta ji amincewarta daga bakinta, ta kuma dawo duba ta.