Rock Hudson: wa ke da alhakin ƙaryar?

In aka tilasta wa mutum ɓoye halinsa don kada ya rasa abincinsa, shin shi ne maƙaryaci, ko kuwa wanda ya tilasta masa? Rayuwar Rock Hudson, ɗan wasan silima na ƙasar Amurka, ta isa a auna wannan tambaya da ita.

An haife shi a 1925 da sunan Roy Scherer. Dillalinsa Henry Willson ne ya raɗa masa sunan da duniya ta sani, kamfanin Universal kuma ya mai da shi abin kwatance na namijin da mata ke mafarki. Fim ɗin Magnificent Obsession na 1954 ya ɗaukaka shi, Giant na 1956 ya sa aka saka sunansa cikin masu neman kyautar Oscar, Pillow Talk na 1959 tare da Doris Day ya cika aljihun kamfani. Amma shi maza ƴan uwansa yake so, kuma manyan Holiwud sun san da haka. A lokacin dokar jihar Kalifoniya tana hukunta wannan ɗabi'a, sai a 1975 aka soke ta. Yarjejeniyar aiki kuma tana bai wa kamfani ikon korar duk ɗan wasan da sunansa ya ɓaci.

Kamfanonin ba su ƙi cin ribarsa ba, faɗar gaskiyarsa kawai suka haramta. Suna sayar da fuskarsa da hannun dama, suna riƙe da wuƙa a wuyansa da hannun hagu. A nan mafi yawan alhakin yake, domin mai ikon yanke wa wani abinci shi ne ya zaɓi ƙaryar, ba mai tsoron yunwa ba.

Sai dai rufin asiri ba kyauta ake samunsa ba, wasu ne ke biya. A 1955 mujallar Confidential ta yi shirin tona shi. Marubutan tarihin Willson sun nuna cewa ya fanshi Hudson da asirin wani ɗan wasansa, Rory Calhoun, wanda ya taɓa zaman kurkuku tun yana matashi. Aka buga wannan, aka bar wancan. A shekarar nan Hudson ya auri Phyllis Gates, sakatariyar Willson, auren ya mutu a 1958. Ita ma rayuwarta ce aka yi bango da ita, kuma ba kasafai masu ba da labarin ke tsayawa a kanta ba.

Ga kuma inda uzurinsa ke rauni. A 1984 likitoci suka gano yana da cutar sida. Ya yi shiru, ya shiga shirin talabijin na Dynasty, inda ya sumbaci Linda Evans ba tare da ya sanar da ita ba. Yau an san sumba ba ta yaɗa cutar, amma a wancan lokaci mutane da yawa na cikin shakka, kuma haƙƙinta ne ta sani.

A watan Yuli na 1985, yana jinya a birnin Paris, aka bayyana ciwonsa. Ya rasu ranar 2 ga Oktoba, yana da shekara 59. Mutanen da ba su kula ba sa'ad da dubbai ke mutuwa, sai ga shi sun farga saboda fuskar da suka sani ce ta rame. Ya ba da dala 250,000 don binciken cutar, ƙawarsa Elizabeth Taylor kuma ta ci gaba da tara kuɗin wannan aiki har ta rasu a 2011.