Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu

Manoman ranin Bakalori, iyayenmu mata masu turara shinkafa a Talatar Mafara, masuntan Maradun, 'yan dako da 'yan kabu-kabun Bakura, yau labarin wata 'yar maƙwabtanmu na kawo muku, domin na ga kamanninku a cikinsa.

Sunanta Aminatou Seyni. An haife ta a 1996 a Dosso ta Jamhuriyar Nijar, yankin da ya yi iyaka da Sakkwato da Kabi. Sana'arta gudu. A watan Yulin 2019, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, ta zagaye fili, wato mita 400, cikin daƙiƙa 49.19. A waccan shekarar, matan da suka fi ta sauri a duk duniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Tana cikin ganiyarta sai wata doka ta hukumar wasannin tsere ta duniya, wadda ta shafi yawan wani sinadari a jinin 'yan wasa mata, ta raba ta da gudun mita 400. Gonar da ta share, ta yi wa taki, ta fara ganin yabanya, ita aka ce ta bari. Da wata ce, da ta rataye takalmi ta koma gida. Ita kuwa ta san in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ta koma mita 200, inda dogon numfashi kaɗai ba ya fid da mutum. A nan sai ka iya zabura da jin ƙarar bindiga, ka iya shan kwana ba tare da ka taka layin wani ba. Ta sake zama ɗaliba.

A watan Yunin 2022 ta ci zinare a gasar Afirka a tsibirin Morishiyos. Wata ɗaya bayan haka, a gasar duniya a jihar Oregon ta Amurka, ta yi mita 200 cikin daƙiƙa 21.98, sannan ta zo ta huɗu a zagayen ƙarshe. 'Yan kallo daƙiƙa ashirin da biyu suka gani. Asubahin shekaru da ciwon gwiwa ita kaɗai ta san su.

Haka naku aikin yake. Mai saye a kasuwa ranar Talata buhun shinkafa kawai yake gani. Bai ga magidancin da ya nutsa cikin taɓo yana dashe, sanyin hunturu na yanka masa ƙafa ba. Bai ga uwar da ta jiƙa shanshera tun dare, ta hura wuta kafin kiran assalatu, hayaƙi na sa ta hawaye, sannan ta baza a shimfiɗa tana korar kaji ba.

Ku ma an rufe muku hanyoyi. 'Yan bindiga sun raba da yawa daga cikinku da gonakin nesa, taki ya yi tsada, kuɗin mai ya cinye riba. Wannan zalunci ne da nauyinsa ke wuyan hukuma, kuma kada ku gaji da neman haƙƙinku. Amma kafin a buɗe waccan ƙofar, kada hannu ya mutu. Wanda ya rasa gonar daji ya kama 'yar fadamar bayan gari. Mai hatsi ya gwada albasa da tumatir. Matasa su koyi gyaran injin ban-ruwa, mata su haɗa adashe su sayi tukunyar turare babba.

Tun 1978 madatsar Bakalori ke tare ruwan gulbin Sakkwato, amma ruwa bai taɓa dasa shinkafa da kansa ba. Ku ne kuke yi. Ku ɗaure ɗamara, ku ba 'ya'yanku mata ilimi da damar nuna baiwar da Allah Ya yi musu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sa albarka a guminku.