Fatawa Kan Rantsuwa da Kundin da Ya Hana Gwamnati Ɗaukar Addini

Tambaya: An zaɓe ni kansila, kuma za a rantsar da mu cewa za mu kare kundin tsarin mulkin ƙasa. Wasu abokaina sun ce sashe na 10 kafirci ne, tunda ya hana Gwamnatin Tarayya da ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sun ce wajibi ne a yi fafutukar soke shi, a rubuta Musulunci a gurbinsa. Rantsuwata ta halatta? Wannan fafutukar tana kaina?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah Ya yi maka jagora. Yi alwalarka, ka dafa Alƙur'ani, ka yi rantsuwarka da niyyar riƙe amana da tsayar da adalci cikin abin da bai saɓa wa Allah ba. Ta halatta. Annabi Yusuf da kansa ya nemi riƙon taskokin Masar ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta surarsa.

Abokanka sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Akwai aƙidar cewa addini ya tsaya a masallaci, ba ruwansa da kasuwa ko kotu ko makaranta, irin wadda ta kai Faransa ga hana 'yan mata ɗaura ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004. Musulmi ba ya ƙudurce wannan, kuma duk wanda ya ga hukuncin mutum ya fi na Allah, imaninsa na cikin hatsari. Amma kundin 1999 da ya zo da sashe na 10, shi ne ya ba kowa 'yancin yin addininsa a sashe na 38, ya kuma ba duk jihar da ke so damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a sashe na 275, ana yanke hukuncin aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara bisa fiƙihu. Gwamnati tana ba da hutun Sallah, tana da hukumar alhazai. Wannan yarjejeniyar zaman tare ce tsakaninmu da waɗanda ba Musulmi ba, kuma an umarce mu da cika alkawari a farkon Suratul Ma'ida.

Batun rubuta suna a takarda kuwa, ka tuna Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira. Suhailu ɗan Amru ya ƙi yarda a rubuta wa Annabi laƙabinsa na manzanci a takardar sulhu. Sayyidina Ali ya kasa goge shi, Annabi ya ce a nuna masa wurin, ya goge da hannunsa mai albarka. Manzancinsa bai ragu ba, kuma shekara biyu bayan haka aka buɗe Makka. Su ma dattawanmu da suka fice daga zauren majalisar tsara kundi a 1978, kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya suke nema, wato inda hukunci zai amfani mai ƙara.

Sannan ina so ka yi wa abokanka tambayar da ta fi damuna: in gwamnati ta ɗauki addini, fahimtar wa za ta ɗauka? Mu da har yanzu muke ja-in-ja kan ƙabalu da sadalu da Maulidi, za mu miƙa wa gwamna da 'yan sandansa ikon cewa ga daidai? An taɓa gwadawa. A shekara ta 218 bayan Hijira Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai faɗin cewa Alƙur'ani halitta ne, kuma a zamanin Mu'utasim aka yi wa Imamu Ahmad bulala don ya ƙi. Musulmi ne ke mulki, da sunan addini aka yi. Imamuna Malik, wanda muke bin mazhabarsa, da halifan Abbasiyawa ya so ɗora dukkan jama'a a kan Muwaɗɗa, hana shi ya yi, domin sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya isa gare shi.

Kada kuma a manta ƙofar da aka buɗe mana an buɗe wa wasu. Ranar da aka cire sashe na 10, majalisar Imo ko ta Akwa Ibom tana iya ayyana Kiristanci. Ka dubi ɗan'uwanka mai shayi a Ama Hausa ta Owerri, wanda ke rufe tukunyarsa ya shimfiɗa tabarma in an kira Azahar, wannan sashen yana cikin abin da ke kare shi. A Laberiya, taron gyaran kundi na Gbarnga a 2015 ya amince da shawarar mai da ƙasar ta Kirista, Musulmin can suka tashi tsaye suna adawa, kuma gaskiya ce tare da su. A Gambiya, Yahya Jammeh ya ayyana Jamhuriyar Musulunci a Disambar 2015, farkon 2017 magajinsa ya cire sunan. Malamai sun tabbatar cewa tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani.

Saboda haka wannan fafutukar ba wajibi ba ce a kanka, kuma a halin da ƙasarmu ke ciki ban ga maslaha a cikinta ba. Wanda ya ga akasin haka yana da damar faɗin ra'ayinsa ta hanyar lumana, amma haramun ne ya kafirta Musulmin da ya yi rantsuwar aiki. Abin da ke wuyanka shi ne kuɗin mazaɓarka su isa rijiya da ɗakin shan magani, kada ka fifita ɗan jam'iyyarku, kuma in matar da mijinta ya rasu ta zo maka tana kuka an danne mata tumuninta, ka raka ta gaban alƙali.

Wallahu a'alam.