Hannun da ya guji wuta da hannun da ya kai mari

Babu wanda bai taɓa kai hannu kan butar shayi mai zafi ba, ya fizge shi tun kafin ya ji raɗaɗi. To, wa ya ba hannun umarni?

Masana jikin ɗan Adam sun kasa jijiyoyin ji da motsi (ba na jini muke nufi ba) kashi biyu: akwai cibiya, wato ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya, akwai kuma rassan da suka bazu har yatsun ƙafa. A ƙwaƙwalwa kaɗai akwai ƙwayoyin jijiya wajen miliyar 86. Saƙo yana ratsa kowace ƙwaya a matsayin ɗan motsin lantarki, wanda shigar sinadarin sodiyam da fitar potasiyam ke haddasawa, kuma a jijiyar da kitse ya lulluɓe yakan ci mita 100 a daƙiƙa guda. Ƙwayoyin nan ba a manne suke da juna ba. Akwai ƴar tazara tsakaninsu, idan saƙo ya iso bakinta sai ƙwaya ta saki wani sinadari ya haye, ya tada ta gaba.

Saƙon zafin buta kuwa, da ya isa laka, nan take laka ta mayar da umarni ga tsoka. Ƙwaƙwalwa daga baya labari ke iske ta. Wannan motsi babu zaɓi a cikinsa, don haka ko da shayin ya zube wa baƙo, ba mai zargin mai hannun.

Inda muka dosa shi ne magidancin da zai mari matarsa ko ɗansa, sa'an nan ya ce hannunsa ne ya suɓuce, bai san lokacin da ya yi ba. Mu dai ba mu karɓi wannan uzuri ba. Laka ba ta jin Hausa. Sai da maganar ta shiga kunne, ta isa ƙwaƙwalwa, aka gane ma'anarta, aka ɗauke ta raini, kana umarni ya sauko ga hannu.

Mun yarda abin yakan zo da sauri har ya yi kama da na buta, kuma akwai dalili. Mahaɗar da saƙo ya yawaita bi ƙara ƙarfi take yi, kamar turbar da sawu ya daddage. Da haka almajiri ke haddace allonsa, da haka kuma mai fushi ke koya wa hannunsa duka. Saurin na yau, shi ya shuka shi tun marin farko da na biyu, lokacin da yake da sararin fasawa. Birkin ma yana nan bai lalace ba, gama sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, yana iya tsayar da umarni. Mutumin nan, da maigidansa a wurin aiki ne ya faɗa masa maganar, ko soja mai bindiga, hannun ba zai suɓuce ba.