Ƙidaya da Ƙaddara: Me Ya Haɗa Malamin Kurame da Lissafi?

A tsofaffin unguwannin Sakkwato irin su Ƙofar Atiku, ƙofar da ke ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu wanda ya yi mulki daga 1837 zuwa 1842, ba kowace tsohuwa ake tambaya yawan jikokinta ta faɗi adadi ba. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi, suna nan." Akwai kunya a cikin wannan amsa, akwai kuma tsoron baki. Idan kuwa a cikin jikokin akwai kurma ko makaho ko wanda fahimtarsa ke tafiyar hawainiya, maganar takan tsaya ne a kan "haka Allah Ya so."

Daga irin wannan gida ne saurayi ko budurwa za su tashi su tafi Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Jos, ko ta Ibadan, domin karanta fannin koyar da masu buƙata ta musamman. Sun tafi da niyyar koyon maganar hannu da rubutun makafi na Braille, sai ga shi an ɗora musu darasin ƙididdiga da na awon ƙwazon ɗalibai, kamar sauran masu karatun malanta. Da yawa sukan yi gunaguni. Wasu ma tambayarsu ta wuce ta wahalar lissafi: shin ya dace a mayar da jarabawar da Allah Ya ɗora wa bawansa alƙaluma a kan takarda? Ashe wannan ba shisshigi ba ne a cikin ƙaddara?

Tarihin Musulunci bai goyi bayan wannan fargaba ba. Buhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an rubuta masa waɗanda suka furta Musulunci, aka samu maza 1,500. Sayyidina Umar ya kafa diwani, inda aka rubuta sunayen mutane domin kowa ya karɓi rabonsa daga baitulmali. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu yi musu hidima. Babu yadda hukuma za ta ba kowane makaho ɗan jagora ba ta san makafi nawa ne a garin ba. Yarda da ƙaddara aikin zuciya ne, riƙo da sababi kuma umarni ne, kuma ɗaya bai taɓa soke ɗaya ba.

Mutanen Ƙofar Atiku sun ga haka da idonsu. Shekaru da dama masu rigakafin shan inna suna bin lungu-lungu, suna ɗiga wa yara magani a baki, su shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, su rubuta lamba da alli a jikin ƙofar gida: yara nawa ke ciki, nawa aka samu, nawa za a dawo dominsu. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da sauran sarakunan Arewa suka tsaya wa aikin. An ga ƙarshen asalin ƙwayar cutar shan inna a Najeriya a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Wannan rubutun alli ƙididdiga ce, kuma albarkacinta yara masu yawa suke tafiya da ƙafafunsu yau.

Amma mai fargabar ba a banza yake fargaba ba, domin alƙaluma na iya ɓoye mutum.

A ɗauki aji mai yara 10. Tara sun ci maki 70 kowannensu, ɗaya kuma, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa tun yana ƙarami, ya ci 10. Jimilla 640 ke nan, a raba gida 10, matsakaicin maki ya zama 64. Shugaban makaranta zai duba ya ce aji ya yi kyau. Yaron da ke zaune a bencin baya yana kallon leɓen malam bai fito a cikin 64 ɗin ba ko kaɗan. Abin da darasin ƙididdiga ke koya wa malami tun a makonnin farko shi ne kada ya tsaya a kan matsakaici, ya duba yadda makin ya warwatsu, ya nemo wanda ya yi nisa da sauran, ya tambayi dalili. Malamin da bai san wannan ba zai yi ta murna da 64 har yaron ya daina zuwa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajin basira a Faransa, da nufin gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Ba a jima ba wasu a Amurka suka mayar da irin wannan gwaji ma'aunin darajar ɗan Adam, har kotun ƙolin ƙasar ta halatta a 1927 a yi wa waɗanda aka kira masu raunin hankali aikin hana haihuwa dole. Ma'auni ɗaya ne, amma niyya ta sauya, sai taimako ya koma zalunci.

A nan ne addini yake yi wa lissafi linzami. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne game da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi a lokacin da Manzo (SAW) yake ganawa da manyan Ƙuraishawa. A lissafin duniya, shugabannin Makka sun fi makaho ɗaya nauyi. Wahayi bai auna haka ba. Mutumin nan ya zama ladani tare da Bilal, kuma an sha bar masa riƙon Madina idan an fita yaƙi. Don haka alƙaluma za su iya nuna abin da yaro yake buƙata, amma ba su da hurumin yanke darajarsa.

Malamin da ya haɗa biyun yakan auna yaro ne da jiyansa, ba da ɗan maƙwabci ba. Ya buɗe littafi ya rubuta cewa yau yarinya ta gane haruffa 3 da yatsunta a kan ɗigo shida na Braille, bayan mako biyu ta gane 7. Idan adadin ya tsaya cak wata guda, ya san dabararsa ce za ta sauya, ba yarinyar ce za a sallama ba. Da wannan littafi zai zauna da mahaifinta a zaure ya nuna masa cewa kuɗin mota zuwa makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman ba asara ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, kimanin biliyan 1.3, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Najeriya kuwa rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi, amma ba a gina aji ko a ɗauki malami domin yaron da ba a san da shi ba.

Aikin na iya farawa daga unguwa. Masu unguwanni da limamai da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu sun san gidajen da waɗannan yara suke. Ya kamata su haɗa kai da malaman da suka karanci fannin a rubuta su ɗaya bayan ɗaya, a miƙa wa ma'aikatar ilimi ta jiha. Iyaye kuma, idan masu rubutun suka yi sallama a ƙofar gida, su fito da yaron a gan shi.